Yadda Musu Ya Mutu a Gidan Surukina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ke cikin zuciya tun kafin mai ita ya sani.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni Amurka. Bayan rasuwar mai ɗakina, Allah Ya ji ƙanta, 'yata da ke aikin jinya a wani asibiti a can ta matsa mini lamba sai na je an yi mini aiki. Na daɗe ina ja da baya. Wuƙar likita ba ta ba ni tsoro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masauki, domin a Funtuwa inda na tashi, dattijo ba ya kwana gidan mijin 'yarsa sai in babu makawa. To, makawar ce ta ƙare, na tafi.

Gidan nasu yana Fort Washington, ba nisa da kogin Potomac, cikin wata unguwa mai yawan itatuwa da ƙarancin mutane. Sai ka wuni a bakin taga ba ka ga wanda za ka yi wa sallama ba, in ban da mai kawo wasiƙu da wata tsohuwa mai jan kare. Jikokina sun girma, suna jami'a a wasu garuruwa. Mu uku ne a gidan.

Surukina injiniya ne a ma'aikatar ruwa. Ban taɓa ganin mai kunya irinsa ba. Da asuba zai zo ƙofar ɗakina ya durƙusa, ya ce, "Baba, kun tashi lafiya? Ya ƙafar?" idonsa a ƙasa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba. In na shigo falo yana zaune, sai ya tuna da wani abu a waje. Muryarsa kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji. Na gode wa Allah da Ya ba 'yata miji mai tarbiyya, shekarun da ya yi a ƙasar nan ba su wanke masa ita ba.

Gidan yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. 'Yata ta ce lokacin da suka saya, siminti ne tsirara da bututu. Shi da hannunsa ya buga katako, ya yi fenti, ya shimfiɗa kafet, ya kafa talabijin mai faɗin ƙyauren ƙofa. Duk ranar Lahadi bayan azahar motoci sukan tsaya a ƙofar gida, abokansa su zagaya ta baya su sauka can kallon besbol, wasan Amurkawa na jifan ƙwallo da dukanta da kulki. Wasu sukan zo su tafi, amma biyu ba sa fashi. Akwai wani likita Bakatsine, mai tumbi da dariya. Akwai kuma wani ma'aikacin jinya Kirista da suke kira Ɗan Jos, wanda yakan zo kai tsaye daga coci da kwat ɗinsa, riƙe da ledar gasasshiyar kaza.

A ƙasan ɗakina akwai wata 'yar kafa mai raga, inda iskar sanyaya gida ke fitowa. Ashe ba iska kaɗai take kawowa ba. Lahadin farko bayan an sallame ni daga asibiti, ina kwance ƙafata a kan matashi, sai na ji wani yana ihu daga ƙarƙashina.

"Likita, kai dai ba ka da amana! Mutumin da ya goya mu shekara da shekaru, yau don hannunsa ya yi ƙara sai a kai shi kasuwa?"

"Amana ba ta jifa, Injiniya. Jijiya ce ke jifa, tasa kuwa ta zama tsumma. Komai nisan jifa..."

"Ƙasa zai faɗo, mun ji! Karin maganarka ɗaya kamar tsohon kaset. Da tsohuwar zuma ake magani, ko ba a koya muku wannan a makarantar likitanci ba?"

"Ku biyun nan," in ji wata murya ta uku, "da manajan zai ji ku, da ya haɗa ku ya sayar, ya karɓi buhun dankali."

Da 'yata ta kawo mini shayi na tambaye ta wane ne mai tsawar nan. Ta yi dariya har ta kusa zubar da kofin. Ta ce, "Surukinku ne, Baba."

Ban yarda ba sai da na sake saurara. Shi ne. Ta ce a wurin aiki yana auna kowace kalma kafin ya furta, da Turanci, cikin mutanen da ba su san inda ya fito ba. Mako guda yake tara maganarsa, ran Lahadi ya sauke ta a ɗakin nan. Ta ce in ya hau sama da yamma, muryarsa a dushe, sai ka ga kamar an cire masa dutse daga ƙirji.

Musun nasu a kan mutum ɗaya ne. Ƙungiyar garin, wadda suke goyon baya, ta taɓa yin tashe, amma a wannan shekara sai shan kashi take. Masu ita suna ta rabuwa da manyan 'yan wasa, suna karɓo samari da ba wanda ya san su, wai ana gina gobe. Saura wani tsohon mai jifa, wanda ya fi kowa daɗewa. Surukina yana nan a kan a bar shi ya gama rayuwar wasansa a gida. Likita yana nan a kan a sallame shi tun da sauran mai so. Ɗan Jos ba shi da gefe, duk wanda ya ga wutarsa ta yi sanyi sai ya hura masa.

Kwanakin jinya suna da tsawo. Na yi karatuna, na ja carbi, na kwanta na tashi, har yanzu rana ba ta yi tsaka ba. Sai na fara kunna ɗan talabijin ɗin ɗakina ina kallon wasan. Da fari ban ga komai ba sai mutane tsaye a fili suna tauna. Sannu a hankali na gane: wannan yana jifa, wancan yana duka da kulki, in ya sami ƙwallon sai ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo gida. Abin da na tambayi 'yata ta faɗa mini, sai in rubuta da ajami a bayan kwalin magani don kada ya ɓace. Wasan ya shiga raina, ba zan ɓoye ba. Na yi rabin rayuwata ina fataucin shanu zuwa Kudu, kuma ban ga abin da ya yi kama da ciniki a kara irin wasan nan ba. Dogon shiru, kallon-kallo, inkiya da yatsa, kowa yana ɓoye abin da ke ransa, sannan farat ɗaya a gama.

Da na fara gane abin da suke musu a kai, kwanciya a sama ta gagare ni. Rabona da zama cikin maza ana cacar baki tun majalisarmu ta ƙofar shagon wani tela a gida.

Mai koya mini tafiya ta ce in riƙa gwada hawa da sauka a matakala. Na riƙe wannan hujja da hannu biyu. Wata Lahadi na ɗauki sandata na sauka, taki ɗaya bayan ɗaya, na yi sallama.

Kamar an ɗauke wuta. Likita ya sauke ƙafarsa daga kan tebur. Ɗan Jos ya miƙe da cinyar kaza a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Surukina ya yi zumbur daga babbar kujerarsa, ya kakkaɓe ta, ya kama hannuna ya zaunar da ni, shi kuwa ya koma kan kafet kusa da ƙofa ya naɗe ƙafa. Wani ya rage ƙarar talabijin. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi ƙafa, aka tambayi mutanen gida, aka yi addu'a ga marigayiya. Sannan muka zuba wa wasan ido, ba mai cewa uffan.

Ɗan Jos ne ya ga shirun ya yi yawa. Ya ce, "Baba Malam, an ce kun fara bin wasan. To ku raba mana gardama. Tsohon nan namu, a bar shi ko a sayar?"

Na gyara zama. Na ce, "Ni dai abin da na sani a kara, sa tun yana iya taka ƙafarsa zuwa kasuwa ake sayar da shi. In ka bari ya kwanta don kana ƙaunarsa, mahauta ne za su yanke maka ciniki, kuma ba za ka ji daɗinsa ba. A sayar."

Likita ya fara dariyar nasara, ya juya wajen surukina, sai ya katse dariyar.

Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Na san inda ya tsaya a maganar nan, na sha jin sa ta cikin ragar ɗakina. Da gangan na ɗauki gefen Likita. So nake ya taso mini da tsohuwar zumarsa, in mayar masa, a yi ta yi har la'asar. Kuma duk ɗakin ba wanda ya fi ni sanin ba zai iya ba. Ni ma na zauna a gaban mahaifin matata yana faɗin kuɗin shanu da na san ba haka yake ba, na ce masa gaskiya ne. Na san dokar, sai dai kaɗaici ya sa na ɗauka teku ta raba mu da ita.

Lahadi ta gaba na sake sauka, da wadda ta biyo ta. Kullum ina tarar da kujerar an ɗora mata matashi don gwiwata, ga shayi a gefe. Na ce a raina ai ga shi suna maraba da ni. Amma hira ta koma ta zafin gari da labarin gida da tsadar tikitin jirgi. In wani abu ya faru a fili, sai su dube ni tukuna su ga yadda fuskata ta ɗauke shi. Tsohon mai jifar ya yi wata rana mai kyau, ya hana abokan karawa sakat. Na ga yatsun surukina suna rawa a kan gwiwarsa. Likita ya so ya tsokano shi.

"Injiniya, yau zumarka ta yi magani fa. Ba ka ce komai ba?"

"Ai Baba ya gama magana."

"To Baba bai ce kada ka yi murna ba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi, a hankali, kamar mai amsa gaisuwar ta'aziyya.

Masu zuwa jefi-jefi suka daina zuwa. Na ce wa kaina lokacin hutu ne, kowa ya tafi da iyalinsa. Zuciya ta ɗan taɓa ni, na ce mata ta yi shiru. Ina jin daɗin zaman, wannan ita ce gaskiya.

A tsakiyar bazararsu akwai ranar da ake rufe cinikin 'yan wasa. Ana gab da ita, wata Lahadi muna zaune ana wasa, wayar Likita ta yi ƙara. Ya duba, ya dubi Ɗan Jos, ya kife ta a cinya. Ba a jima ba talabijin ya nuno bencin da 'yan wasa ke zama. Ga tsohon mai jifar ana yi masa raɗa a kunne. Ya miƙe, ya bi abokansa ɗaya-ɗaya yana rungumewa, ya cire hula ya ɗaga wa 'yan kallo, ya shige wata ƙofa. An sayar da shi ga wata ƙungiya a can yamma, an karɓo yara biyu.

Na saci kallon surukina. Jijiyar wuyansa ta tashi. Mutumin da ya bi tun 'ya'yansa suna rarrafe ke nan. Bakinsa ya motsa, ya motsa, sannan ya ce, "Baba ya faɗa tuntuni." Ya nemi izini wai zai duba wani abu a mota.

Jim kaɗan Likita ya ce ana nemansa a waya. Ɗan Jos ya ce bari ya ga ko ya kulle tasa motar. Na zauna ni kaɗai da talabijin da ƙasusuwan kaza. Da lokacin la'asar ya yi na hau sama, na je jan labule, sai na hango su. Su uku cikin motar surukina a ƙofar gida, gilashi a rufe, rana tana dukan rufin. Surukina yana bugun sitiyari da tafin hannu, bakinsa a wangame. Likita ya juyo daga kujerar gefe yana nuna shi da yatsa. Ɗan Jos ya zuro kai daga baya tsakaninsu, kwat a cire, yana share gumi. Ba na jin komai, amma na san kowace kalma. Manyan mutane masu furfura, sun matsu cikin mota a ƙofar gidan da ɗayansu ya mallaka, ga ɗakin da ya gina da hannunsa ba kowa a ciki.

Na yi sallar, ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na gyara da sujada.

Da 'yata ta dawo daga aiki na kira ta. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, saukata ɗakin nan ta takura su? Ta ce, "Haba Baba, gidanku ne." Na ce ba wannan na tambaya ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Tun ranar da kuka fara sauka ban sake jin muryarsa ta dushe ba." Ta tashi ta fita da sauri, kamar ta faɗi abin kunya.

Na ƙudurta ba zan sake sauka ba. Ashe sun riga ni. Ana jibi Lahadi surukina ya zo ya durƙusa, ya ce Likita ya roƙi a koma kallon gidansa a Springfield, can tsallaken kogi a jihar Virginia, wai talabijin ɗinsa ya fi girma. Ya ce in na shirya bayan azahar sai mu tafi tare. Na ce gwiwata ba za ta ɗauki zaman mota mai tsawo ba, abin da rabinsa gaskiya ne, Allah Ya yafe mini sauran rabin. Na ce shi ya tafi. Ya ce to. Ranar Lahadi 'yata tana aiki, sai na ji motsinsa a bayan gida yana yanke ciyawar da ya riga ya yanke jiya. Ba zai bar surukinsa shi kaɗai a gida ya tafi kallon wasa ba. Na hana shi musu a gidansa, yanzu kuma na hana shi zuwa inda musun ya gudu.

A masallacin da muke Juma'a akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muka saba gaisawa. Na roƙe shi ya riƙa ɗaukata ran Lahadi bayan azahar, mu yi bitar wasu littattafan fiƙihu a gidansa har magariba. Ya yi murna, domin shi ma zaman shiru ya ishe shi. Da haka na fitar da kaina daga gidan.

Saura a dawo da majalisar. Wannan ba maganar da zan yi da surukina ba ce, domin da na buɗe baki zai rantse ban taɓa takura kowa ba. Sai na jira Ɗan Jos, wanda yakan biyo ya duba mini tabon aikin.

Yana danna gwiwar na ce, "Ka gaya wa Likita ran Lahadi ba na gida. Ku dawo ɗakinku."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Lanƙwasa, Baba Malam. Yawwa. Miƙe." Sannan ya ce, "Zan faɗa. Amma matar Likita ta riga ta sayi babbar tukunya, kun san mata da tukunya. Mutanen Virginia kuma sun ji daɗin rashin tsallaka gada."

Na ce, "Wannan duka ana iya gyarawa."

Ya zauna a kan dugadugansa ya dube ni. Shi ba surukina ba ne, yana iya dubana. Ya ce, "Baba, mun gwada rannan da kuka je asibiti. Kujerar nan, ko ba ku a kai, ba mai zama. Shi kansa mai gidan a kafet ya zauna. Likita ya fara ɗaga murya, sai na ga Injiniya yana duban silin."

Ya naɗe mini bandeji, ya ce tabon ya yi kyau.

Haka aka ƙare kakar wasan. Duk Lahadi motar dattijon Kumasi takan ɗauke ni, ta surukina ta bi hanyar gada. Ƙungiyar ta gama a ƙasa. Ɗakin yana nan a share, 'yata ta fara ajiye akwatuna a ciki. Wanda ya kasance mai masauki, yana buɗe ƙofa yana raba kaza, ya koma baƙo a falon wani, yana duba agogo saboda cunkoson dawowa. Bai taɓa nuna mini a fuska ba. Da ya nuna da na fi samun sauƙi.

Da ganyen itatuwa suka fara ja, ya ɗauke ni zuwa ganin likita na ƙarshe kafin in koma gida. Ina gaba, yana tuƙi da hannu biyu, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Turancina bai kai ya kawo ba, amma na tsinci sunan tsohon mai jifar, na ji mai maganar yana ɗaga murya. Na tambaya me aka ce.

"Wai jiya ya yi jifa mai kyau, Baba. Sabuwar ƙungiyar tasa ta haye zagaye na gaba."

Na daɗe ina shirya maganar. Na ce, "Injiniya, ni na yi kuskure a kan mutumin nan. Ba sa ba ne. Bai kamata a sayar da shi ba."

"Haka ne, Baba."

Yadda ya ce gaskiya ne ranar da na ce a sayar, haka ya ce haka ne yau. Na juya ina kallon kogi ta taga. Muka hau gada, motoci suka tsaya cak. Rediyo ya sake kiran sunan.

Sai na ji ya ce, ba da ƙarfi ba, idonsa a kan motar gabanmu, "Da ma hannunsa bai mutu ba. Hutu kawai yake buƙata. Duk wanda ya kalli yadda yake taka ƙafar hagu ya san..."

Ya tsaya. Kunnuwansa kamar za su yi magana don kunya.

Na ce, "Ya san me? Ci gaba, ina jin ka."

"A'a, Baba, Allah Ya huci zuciyarku. Ku kuka fi mu sani." Ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya tambaye ni ko sanyin motar bai yi wa ƙafar yawa ba.

Na ce bai yi ba. Motoci suka motsa, muka gangara daga gadar.